Abin Da Yaya Bai Rubuta Ba

Shafi na 17

Ku da kuka cika mini waya da tambayar ina Mansura ta shiga, ga ta nan. Amma in faɗa muku tun yanzu, gidan Malam Safiyanu ba zai ga magaribar yau yadda ya ga asubarta ba. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ya nemi wuri ya zauna kafin ya fara.

*

Malam Safiyanu ya fito daga sallar la'asar bai tsaya gaisawa da kowa ba. Tun shekaranjiya ba ya tsayawa. Babu wanda ya faɗa masa maganar banza a unguwa, amma shirun da ake yi in ya doso majalisa ya fi masa zagi ciwo.

Duk Haɗeja an ji. Mai Shela, muryar macen nan ta ƙirƙirarriyar basira da ke kiran manoman fadama a waya tana gaya musu inda ruwan kogi ya kai, ita ce ta kira mutanen Kwarin Marke da rana tsaka ta ce jingar da ke tare ruwan kogi ta ɓalle, kowa ya yi ta kansa. Jinga kuwa tana nan daram, ko buhun yashi ɗaya bai motsa ba. A lokacin maza suna gonakin shinkafa a ƙetaren kogi. Suka rugo, suka cika kwale-kwale fiye da kima don su zo su kwashe iyalansu. Ɗaya ya kife a bakin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cika ruwan. An tsamo kowa, ban da wani magidanci mai suna Muttaka.

'Ya'yan Malam Safiyanu biyu ne ke aiki a kamfanin da ya yi Mai Shela: Mansura, 'yarsa ta cikinsa, da Abdulfattah, ɗan yayansa marigayi Haruna, wanda ya riƙa tun yana rarrafe. Kamfani ya dakatar da Mansura. Gobe za ta tsaya gaban shugabanninta da dattawan Kwarin Marke. Abin da ta ce musu kawai shi ne, "Laifina ne." Shi ma mahaifinta abin da take ta maimaita masa ke nan.

Ya same ta a tsakar gida da faifai a cinya, wai tana tsintar shinkafa. Hannunta yana cikin shinkafar, amma babu tsakuwa ko ɗaya da ta fitar. Mahaifiyarta Ummussalma tana bakin murhu tana hura wuta.

"Ajiye faifan nan."

Ta ajiye.

Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna a gabanta. Bai saba zama haka da ita ba, har Ummussalma ta ɗago ta dube shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ni a firamare na tsaya. Amma ba dutse ba ne a kaina. Gobe za a tara mini mutanen garin da aka haife ni, a ce 'yata ta jefa ɗansu a ruwa. Ba zan je can in zauna kamar kurma ba. Ki yi mini bayani yadda zan gane."

"Baba, na gaya maka. Laifina ne."

"Na ji. Wane laifin? Ke kika kira su?"

"A'a."

"To fara daga nan."

Ta yi ajiyar zuciya. Muryarta ta dushe saboda kuka, sai da ya matso.

"Akwai wata manhaja da muke gwada Mai Shela da ita. A ofis Ɗan Damfara muke ce masa."

"Ɗan Damfara? Ku da kanku kuka ajiye ɗan damfara a ofis?"

"Aikinsa ke nan, Baba. Zai yi ta yi wa Mai Shela ƙarya iri-iri. Ya ce mata shi jami'in dam ne, ya ce shi hakimi ne, ya yi mata daɗin baki, ya yi mata barazana. So muke mu ga ko za ta yarda ta faɗi abin da ba haka ba. In ta faɗa tarko a hannunmu, sai mu toshe wurin kafin mugu na gaske ya zo."

"Kamar mai gida ya sa a gwada ɓalle masa ƙofa don ya san ƙarfin kwadonsa."

"Haka."

"To ai wannan dabara ce. Ina ɓarnar ta shigo?"

"Kafin a sake shi, sai an cire Mai Shela daga layin lambobin mutane. In an cire, ko ya ruɗe ta, a cikin kwamfuta za ta yi ta ihunta, babu wanda zai ji. Ranar ba a cire ba."

Malam Safiyanu ya runtse ido.

"Wa ya sake shi?"

"Amira. Sabuwar ma'aikaciya ce. Amma wallahi Baba ba ta da laifi. Littafin jagora aka ba ta, ta bi shi layi-layi, ko ɗigo ba ta tsallake ba. Babu inda ya ce a cire layin."

"Ke fa, mene ne naki a ciki?"

"Ni ce mai duba littafin. Kafin a ba kowa, sai an ba ni. In zauna ni kaɗai kamar ban taɓa ganin manhajar ba, ba na tambayar kowa. In bi abin da aka rubuta, in ga ko baƙo zai gane, ko an tsallake wani abu, ko an yi gargaɗi a inda akwai haɗari. Sai in ba da maki in sa hannu."

"Kika ce mene?"

"Na ce ya cika."

"Kin bi shi da kanki?"

"Na bi."

"Kin saki Ɗan Damfarar nan da hannunki?"

"Eh, Baba."

Ya kalli ƙasa. Wata kaza ta zo tana leƙen faifai, babu wanda ya kore ta. Can ya ɗago.

"To ke me ya sa a hannunki bai kira kowa ba?"

Mansura ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Na cire layin."

"Littafin ne ya ce ki cire?"

"A'a."

"Kin ce ba kya tambayar kowa. Wa ya gaya miki?"

"Na sha gani ana yi."

"A ina?"

Ta kafe faifan da ido.

"Mansura!"

Rabon da ya kira ta da sunanta na yanka har ta manta.

"Malam, ka bi ta a hankali," in ji Ummussalma daga bakin murhu. "Yarinyar nan ko ruwa ba ya wuce mata."

"Ba da ke nake ba." Ya juya ga Mansura. "A ina kika gani?"

Hawaye ya ɗigo a bayan hannunta.

"A nan, Baba. A zauren nan."

Mutum ɗaya ne yake buɗe kwamfuta a zauren gidan nan, ya shimfiɗa tabarma, ya jingina da buhunan shinkafa yana aiki yana sauraren karatu. Malam Safiyanu ya dafa gwiwarsa.

"Wa ya rubuta littafin?"

Ta kawar da kai. Ba ta buƙatar amsawa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita, ya sake maimaitawa. "Abdulfattah."

"Bai yi da gangan ba, Baba! Wallahi bai yi da gangan ba. Shi ya haɗa manhajar. Hannunsa ya saba, kafin ya yi komai sai ya cire layin, bai ma san yana yi ba. Shi ya sa da ya zo rubutawa bai tuna abu ne da ake faɗa ba."

"Shi ya manta. Na ji. Mutum yana mantuwa. Amma ke kin gani."

"Na gani."

"Kin ga rami a hanya, aka ce ki faɗi ko hanya tana da kyau, kika ce tana da kyau."

"Eh."

"Don me? Don Allah, don me? Cin hanci aka ba ki? Tsorata ki aka yi?"

"Babu ko ɗaya."

"To mene ne?"

Ta share fuska da gefen mayafinta.

"Makin da nake bayarwa ba shi kaɗai yake gani ba. Duk shugabanni suna gani, har na Kano. A taron Litinin ake karantawa a gaban kowa. Baba, sai in tashi a gaban mutane in ce aikin Yaya bai cika ba? Ni? Shi da ya kai ni wurin, ya tsaya mini har aka ɗauke ni? Na riƙe alƙalamin nan har hannuna ya yi gumi. Na ce bari in sa hannu, in mun haɗu a gida in gaya masa tsakanina da shi, ya gyara babu wanda ya ji. Layi ɗaya ne fa, Baba. Layi ɗaya."

"To me ya hana ki gaya masa? Gidansa a bayan duniya yake? Ba kowace Juma'a yana nan yana cin tuwo ba?"

Mansura ta dubi mahaifiyarta, ta mayar da kai ƙasa.

"Na so in faɗa."

"Kika fasa?"

"Ban samu dama ba."

"Wace irin dama? Bakinki aka ɗaure?"

Ummussalma ta ajiye muciya. Ta goge hannu a zaninta, ta tako har inda suke, ta tsaya. A zamansu ba ta cika tsoma baki in yana faɗa da yara ba.

"Malam, ka yi haƙuri da abin da zan ce."

"Faɗi."

"Ta faɗa. A gabanka ta fara."

"A gabana?"

"Juma'ar da aka yi miyar kifi, da ya kawo mana tarwaɗa daga Guri. Kuna zaune a nan, yana ba ka labarin an yaba masa a ofis, an ce littafinsa za a riƙa ba sababbi. Kana ta dariya kana sa masa albarka. Ita kuma ta kawo ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ce, 'Yaya, akwai wani wuri a littafin nan da na ga kamar an tsallake.' Ka tuna abin da ka ce mata?"

Ya tuna. Tun kafin ta gama ya tuna. Har ɗumin tuwon a yatsunsa ya ji ya dawo.

Ke! Yaushe kika yi girman da za ki gyara wa yayanki aiki a gabana? Don kin yi boko? Ɗauke ruwan nan ki ba mutane wuri.

Kuma ya yi dariya bayan ya faɗa. Abdulfattah ma ya yi dariya, ya ce, "Baba, bar ta, malamar maki ce, ko kai in ka yi rubutu sai ta ba ka sifili."

Ta ɗauki ruwan ta ba su wuri.

"Umma, don Allah ki bari," in ji Mansura. "Ba laifin Baba ba ne."

Malam Safiyanu ya kalli 'yarsa. Tun ranar da aka kawo masa Abdulfattah a zanin goyo yake tsoron abu ɗaya: kada yaron nan ya taɓa jin cewa shi ba ɗan gida ba ne. In yara sun yi faɗa, Mansura ce mai ba da haƙuri, ko ita aka mara. In an raba nama, shi ke fara zaɓa. In ya yi magana, ba a musa masa. Mutane suna yabonsa a kan haka, ana cewa Safiyanu ya iya riƙon maraya. Shi ma yana jin daɗin yabon.

"Daga nan ba ki sake tayar da maganar ba?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Na kira shi a waya da zai tafi Dutse. Ya ce, 'Kin sa hannu dai ko?' Na ce eh. Ya ce to in bari sai ya dawo. A tsarinmu sai ƙarshen wata za a fara gwajin. Ban san an matso da shi ba. Ina kan hanyar ofis na ji wayar mai adaidaita ta yi ƙara, ɗan Kwarin Marke ne, ya sa a kunne ya fara salati."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ummussalma ta jawo kanta ta haɗa da cikinta.

A nan suka ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

Abdulfattah ya yi sallama ya shigo. Wandonsa ya jiƙe har cinya, taɓo ya bushe a ƙafafunsa, ga yankan kacala a damtsensa. Tun da abin ya faru yake bin masunta suna neman Muttaka. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Sannu da gida, Baba. Umma, sannu." Ya durƙusa. "Yau ma ba a dace ba. Sarkin ruwa ya ce gobe za a gangara ƙasa, ta wajen..."

Ya ga fuskokinsu, ya katse maganar.

"Zauna," in ji Malam Safiyanu.

Ya zauna a ƙasa.

"Kai ka rubuta littafin da yarinyar nan Amira ta bi?"

Abdulfattah ya juya ya kalli Mansura.

"Kar ka kalle ta. Ba ta kai ƙararka ba, ni na matse ta. Ni za ka kalla."

"Ni na rubuta, Baba."

"Ka rubuta a cire layin mutane?"

"Baba, wannan matakin kowa ya san shi. Abu ne da..."

"Amira ta sani?"

Abdulfattah ya sunkuyar da kai.

"Wa aka rubuta wa littafin? Wanda ya sani, ko wanda bai sani ba?"

"Wanda bai sani ba."

"Ƙanwarka ta kira ka ta ce akwai gyara?"

"Ta kira. Na ɗauka waƙafi ne ko kuskuren rubutu, irin abin da take kamawa. Wallahi tallahi da ta ce mini layin ne, da a tasha zan sauka daga mota."

"Ban samu na faɗa ba, Yaya. Ka ce kana sauri."

"Sai ki rubuto mini! Saƙo nawa kike turo mini a rana? Na barkwanci ma kina turowa!"

"Na ji nauyi."

"Nauyi! Ga shi nan ai, mun ɗauka."

"Kai!" Malam Safiyanu ya daka masa tsawa. Shi kansa sai da ya ji baƙon abu a bakinsa, don bai taɓa yi wa yaron nan tsawa a gaban Mansura ba. "Tun shekaranjiya ka san ita kaɗai aka dakatar. Ka shigo gidan nan, ka ci abinci, ka ce mata ta yi haƙuri. Ba ka buɗe baki ka ce mini da hannunka a ciki ba."

Abdulfattah ya rufe fuska da tafukansa. Da ya buɗe, idanunsa sun yi ja.

"Baba, kana tsammanin barci nake yi? Me ya kai ni cikin kacala, ni da ko iyo ban iya sosai ba? Amma ka saurare ni. A dokar aikinmu, marubuci yana iya kuskure, shi ya sa aka ajiye mai dubawa. Sa hannunta shi ne ƙofar ƙarshe. Yanzu abin da suka ɗauka shi ne ba ta lura ba. Wannan sakaci ne, za su iya korarta, shi ke nan. In na tashi gobe na ce ni ne, za su tambayi yadda aka yi. Za a gane ta gani ta rufe saboda ni yayanta ne. Wannan ba sakaci ba ne kuma, Baba. Ba zan cire ta ba, ƙara nutsar da ita zan yi. Mu tafi mu biyu."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Mansura. "Kuma ruwan gaske yana tafe, Baba. Kogi kullum ƙaruwa yake. Mutane sun fara kashe wayoyinsu, in Mai Shela ta kira ba sa ɗauka. In aka kori Yaya, babu wanda ya san cikinta kamarsa. Ni ana iya samun wata gobe. Ka bar shi a yadda na faɗa."

"In bar shi."

"Eh."

"A yi ta nuna ki a gari, ana cewa ga wadda ta kashe Muttaka da sakaci."

"Ai da hannuna a ciki."

"Ke kaɗai?"



Malam Safiyanu ya dubi yaron. Goshin Haruna ne sak, har yadda yake cije leɓe in yana cikin damuwa. A asibiti, ranar da Haruna zai cika, ya riƙe masa hannu ya ce, "Safiyanu, ga amana nan. Kar ka bari a wulaƙanta mini shi." Ya ce ya karɓa. Bai taɓa tunanin wata rana za a ce ya biya amanar da 'yarsa ba.

Ya dubi Mansura. Tana zaune yadda ya koya mata zama, kai a ƙasa, hannu a cinya, tana jiran abin da manya za su yanke.



"Da na bar ki kin ƙarasa maganarki..." ya fara.

"Salamu alaikum."

Muryar tsohuwa ce, daga zaure. Ba ta jira an amsa ba ta shigo, tana dogara sanda, gefen zaninta duk laka.

Malam Safiyanu ya miƙe zumbur har kujerar ta faɗi.

"Iya Yakaka!"

Mahaifiyar Muttaka ce. Tun tana budurwa a Kwarin Marke ita ta yi ta goyon Safiyanu in uwarsa ta tafi sussuka. A bayanta ya yi wayo.

Ummussalma ta yi sauri ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha.

"Iya, sannu da hanya. Bismillah, ki zauna. Da wa kika zo?"

"Motar masu kifi ta ɗauko ni daga Guri. Mayar da ruwanki, 'yata, ba ƙin ki na yi ba. Na ga ruwa ya ishe ni."

Ba ta zauna ba. Ta tsaya a tsakiyar gidan, ta dafa sandarta da hannu biyu, ta dubi Malam Safiyanu tun daga sama har ƙasa.

"Safiyanu, ka tsufa."

"Iya, ya ƙarin haƙuri? Wallahi na so in zo, kunya ce ta..."

"Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata. Ba zagi na kawo ba, kar ka ji tsoro. Bakina bai iya ba."

"Iya, ki zauna don Allah."

"Ka tuna bara, da ka zo kana bi gida-gida? Ka zauna a tabarmata, na dama maka fura. Muttaka ya ce shi ba ya son abin da zai riƙa kiransa yana cikin gona. Ka ce masa, 'Kawo wayar nan, sarkin taurin kai. Wannan aikin 'ya'yana ne, ba ta ƙarya.' Kai ka karɓa ka ba da lambarsa da hannunka. Ni kuma na ce masa, in Safiyanu ya ce, to haka ne."

Malam Safiyanu ya durƙusa a gabanta. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

"Haka aka yi, Iya."

"Waɗanda ke cikin jirgin sun ce yana ta cewa a yi sauri, Iya ba ta iya gudu. Ni ya taho ɗauka. Ina zaune a inuwa ina ɓarar gyaɗa, ƙasa a bushe, ban san komai ba."

Ummussalma ta toshe bakinta da mayafi.

"Matarsa tana can. Da safe ta tambaye ni, 'Iya, in shiga takaba ne ko in jira?' Ban san abin da zan ce mata ba. Malamai ma sun ce a jira. Yaransa suna zuwa bakin ruwa su zauna, sai an je an koro su."

Ta numfasa.

"Mutanen kamfani sun zo da mota. Suka ce inji ne ya yi kuskure. Ni ban san inji ba, Safiyanu. Inji ba zai tsaya gaban Allah ba. Gobe an ce za a yi taro, maza za su yi ta turanci, ni ba za a bar ni in shiga ba. Ni kuwa na kusa tafiya. Ina so in san wanda zan yafe wa, ko in kasa yafewa. Ba zan iya yafe wa iska ba."

Ta juya ta dubi yaran biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan taɓon ƙafar Abdulfattah.

"Kai ne kake ta shiga ruwa da masunta. An gaya mini. Allah ya yi maka albarka, ɗan Haruna."

Abdulfattah ya yi wani sauti kamar an shaƙe shi.

"Iya, ni ce..." Mansura ta fara.

"A'a, 'yar nan. Na ji abin da ake cewa a kanki, har a mota ana faɗa. Ba ke na zo tambaya ba, ba shi na zo tambaya ba. Ban san ku ba sai a fuska. Wanda na goya na zo tambaya. Shi bai taɓa yi mini ƙarya ba sai sau ɗaya, ita ma bai san ƙarya ba ce."

Ta matso har sandarta ta taɓa gwiwarsa.

"Safiyanu, dube ni. Wane ne?"

Ya ɗago. Mansura tana girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa da ido. Abdulfattah ya kafe ƙasa da kallo. Tuwo ya fara ƙauri a kan wuta, babu wanda ya motsa.

"Ki zauna, Iya," ya ce. "Zan gaya miki. Duka zan gaya miki."

Tsohuwar ta lanƙwasa gwiwa a hankali, ta zauna a bakin tabarma.

Abdulfattah ya miƙe.

"Ina za ka?" in ji Ummussalma. "Abdul! Babanka bai sallame ka ba!"

Bai waiwayo ba. Ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba. Suka ji ya ture ƙyauren zaure, suka ji babur ya tashi da ƙarfi, ƙarar tana nisa har ta ɓace.

Mansura ta rarumi wayarta ta kira shi. Tana shiga, ba a ɗauka. Ta sake kira, aka ce a kashe take.

Iya Yakaka ko kallon ƙofar ba ta yi ba.

"Ina jin ka," ta ce.

Babu wanda ya san inda Abdulfattah ya nufa, ko gidan shugaban kamfani ne, ko bakin kogi. Malam Safiyanu ya buɗe baki, amma shi kansa bai san sunan da zai fara fitowa ba. Muttaka kuwa, har yanzu ba a gan shi ba, a raye ko a mace.